Shaidar Gawa: Tarihin Binciken Kisan Da Ba A Ga Mai Yinsa Ba

A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasu sahabbai biyu daga cikin Ansaru, Abdullahi ɗan Sahlu da Muhayyisa ɗan Mas'udu, suka fita zuwa Haibara saboda ƙuncin rayuwa da ya same su, alhali kuwa ana zaman sulhu da Yahudawan garin. Da suka isa sai suka rabu a cikin gonakin dabino, kowa ya nufi buƙatarsa, daga baya aka tsinci Abdullahi a kashe, an jefa shi cikin wani rami, ba wanda ya ga makashin, ba kuma wanda ya amsa laifin. Danginsa suka kai ƙara Madina. Aka ba su zaɓin su yi rantsuwa hamsin su cancanci jinin ɗan'uwansu, suka ƙi rantsewa a kan abin da ba su halarta ba. Aka ce to waɗanda ake tuhuma su rantse hamsin su kuɓuta, suka ce ba su amince da rantsuwarsu ba. Sai Annabi ya biya diyya raƙuma 100 daga wajensa, don kada jinin mutumin ya tafi a banza. Imamu Malik ya kawo wannan ƙissa a Muwaɗɗa, kuma a kanta malamai suka gina babin ƙasama, wato rantsuwa hamsin a kan jini.

Matsalar da ke cikin wannan ƙissa ita ce ta haifi sana'ar binciken gawa a duk inda ta tsiro: ga rai an ɗauka, ga magada suna kuka, ga wanda ake zargi yana musu, alƙali kuwa yana tsakanin tsoro biyu, tsoron ya saki mai kisa da tsoron ya zubar da jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Idan harsunan mutane suka yi shiru, ko suka saɓa wa juna, abin da ya rage a gaban mai hukunci shi ne jikin mamacin kansa. Al'ummu dabam-dabam sun ɗauki ƙarnoni kafin su koyi karanta abin da ke rubuce a jikin nan, kuma, a ganina, malaman fiƙihunmu sun yi nisa a wannan hanya fiye da yadda jikokinsu na yau suke zato.

Duk almajirin da ya kai babin jini da haddi a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa a mazhabar Malikiyya ba a shiga ƙasama sai da lausu, wato alamar da ke ƙarfafa zaton cewa mai ƙara yana da gaskiya. Daga cikin lausu akwai furucin wanda aka raunata kafin ya cika, cewa jininsa yana wuyan wane, abin da ake kira tadmiya, wanda sauran mazhabobi ba su karɓa ba, Malikawa kuwa suka kafa masa hujja da ƙissar saniyar Bani Isra'ila, inda aka bugi mamaci da wani yanki nata ya tashi ya faɗi makashinsa. Amma malaman baya, da suka ga yadda mai jinya zai iya jefa maƙiyinsa cikin halaka da kalma ɗaya, sai aiki ya gudana a wurinsu a kan cewa ba a karɓar tadmiya sai ja, wato wadda akwai rauni ko shatar duka da ido ke gani. Fara, wadda babu alama a jiki, aka ajiye ta gefe. Wannan sharaɗi shi kaɗai ya wajabta wa alƙali ya aika adilai su buɗe jiki su duba, su siffanta abin da suka gani.

Haka nan raunuka ba a bar su dunƙule ba. An ba kowanne suna gwargwadon zurfinsa: mudiha ita ce wadda ta bayyana ƙashin kai ko na fuska, diyyarta raƙuma 5, munaƙƙila ita ce wadda ta farfasa ƙashin har ɓaraguzansa suka gusa, raƙuma 15, ma'muma wadda ta kai ga jakar ƙwaƙwalwa, da ja'ifa wadda ta huda cikin ciki, kowacce sulusin diyya, kuma ba a ƙisasi a cikin ukun ƙarshe don gudun kada ramuwa ta zarce ta zama kisa. Wane ne zai bambance mudiha da wadda ta tsaya gab da ƙashi, in ba wanda ya san jiki ba? Shi ya sa Ibn Farhun, alƙalin Madina da ya rasu a 1397, ya keɓe magana a littafinsa Tabsiratul Hukkam a kan komawa ga likitoci da masana wajen auna tsawon rauni da zurfinsa, ya kuma yi dogon bayani a kan hukunci da ƙarina, wato alamar da ke nuni ga gaskiya, yana kafa hujja da rigar Annabi Yusufu, wadda aka kawo da jini alhali ba ta yage ba, da kuma wadda aka tsaga ta baya. Abin da fiƙihu bai yi ba shi ne tsaga gawa. Likita Ibn Nafis, wanda ya rasu a 1288, shi ne ya fara bayyana yadda jini ke bi ta huhu daga sashen zuciya zuwa ɗaya sashen, amma ya faɗa a sharhinsa cewa shari'a da tausayi sun hana shi yin tashrihi, wato tsaga gawa, da hannunsa.

Littafi mafi tsufa da ya iso mana cikakke a kan wannan fanni a ƙasar Sin aka wallafa shi, a shekarar 1247. Marubucinsa Song Ci, wanda aka haifa a 1186 a lardin Fujian ya rasu a 1249, babban jami'in shari'a ne da ya riƙe aikin duba hukunce-hukunce a larduna da dama, ya tattara abin da magabata suka rubuta, ya haɗa da abin da idonsa ya gani, ya sa wa littafin suna da ke nufin wanke zalunci. A daularsu doka ta riga ta tanadi cewa duk mutuwar da ke da shubuha sai an yi mata bincike na farko, sa'an nan wani jami'i dabam ya maimaita. Ana yin aikin a fili, gaban dangi da maƙwabta da wanda ake tuhuma, ma'aikacin da ke taɓa gawar yana shelanta kowane rauni da ƙarfi, magatakarda yana rubutawa. Abin da ya fi ɓata wa Song Ci rai shi ne halin manyan jami'ai masu ƙyamar wari, waɗanda ke tsayawa can nesa cikin hayaƙin turare, su bar wa ƙananan ma'aikata aikin, alhali waɗannan ana iya saye su da kuɗi kaɗan. Ya nace cewa mai hukunci ya matso ya duba da idonsa, domin kuskuren da aka yi a gaban gawa shi zai bi shari'ar har ƙarshenta. Gani ya kori ji.

Cikin littafin akwai labarin da ya shahara. An tsinci wani mutum a bakin hanya da sara fiye da goma, kayansa da tufafinsa ba abin da aka ɗauka, sai mai bincike ya ce wannan ba aikin ɗan fashi ba ne, aikin mai ƙullatarsa ne, kuma siffar raunukan ta lauje ce. Ya tambayi matar mamacin, ta ambaci wani da suka yi cacar baki a kan bashi. Ya sa aka tattaro laujen kowane gida na unguwar, aka jera su a ƙasa cikin zafin rana, guda saba'in zuwa tamanin, duk a goge. Ba a daɗe ba ƙudaje suka bar sauran suka taru a kan guda ɗaya, saboda ƙarnin jinin da wanki bai gusar ba, mai laujen kuwa ya amsa laifinsa. Bayan wannan akwai darussa masu yawa da har gobe likitoci ba su yar da su ba: cewa wanda ya ƙone da ransa ana samun toka a bakinsa da hancinsa, wanda aka kashe kafin a jefa shi wuta kuwa ba a samu, cewa wanda ya nutse da rai yakan fito da kumfa a baki da yashi a farce, cewa shatar igiya a wuyan wanda ya rataye kansa takan hau ta bayan kunnuwa ba tare da bakinta ya haɗu ba, kuma a hau a duba ƙurar da ke kan azarar da aka ɗaura igiyar, ko ta birkice da motsin mai shure-shure ko kuwa layi ɗaya ne kawai, cewa yankan da aka yi wa gawa bayan mutuwa ba ya buɗe baki, ba ya tara jini. In ƙasusuwa kaɗai suka rage, sai a wanke su, a turara su da giya da ruwan khal a cikin rami mai zafi, a duba su a rana ƙarƙashin jar laima da aka shafe da mai, don a ga ko karayar ta faru tun da rai.

Ba duk abin da ya rubuta ne daidai ba. Ya yarda cewa in aka ɗiga jinin ɗa a kan ƙashin mahaifinsa zai shige ciki, na bare kuwa ba zai shiga ba, wannan kuwa ba shi da asali. Ya kuma koyar da a sa tsinken azurfa a maƙogwaron mamaci, in ya yi baƙi an sha guba, alhali ruɓewar jiki ita kanta tana baƙanta azurfa. Allah kaɗai ya san adadin bayinsa da aka hukunta da wannan tsinke a cikin shekaru fiye da 600 da aka yi ana aiki da littafin, har farkon ƙarni na 20.

Turawa sun biyo ta wata hanya, kuma sun daɗe a baya. Ana ba da labarin likita Antistius, wanda ya duba gawar Yuliyas Kaisar a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ƙirga suka 23, ya ce guda ɗaya ce kawai, ta ƙirji, mai kisa. Amma wannan bai zama ƙa'ida ba. A Ingila an kafa muƙamin korona, wato jami'in binciken mutuwa, a 1194, sai dai babban aikinsa a lokacin shi ne tabbatar da cewa tarar da ke biyo bayan kisa ta shiga baitulmalin sarki. Har ƙarni na 17 akwai kotunan Turai da ke kawo wanda ake tuhuma ya taɓa gawa, bisa imanin cewa raunin zai zubo da jini in makashin ne ya taɓa. Ci gaban gaskiya daga Italiya ya fara: a birnin Bolonya, a 1302, alƙali ya umarci Bartolomeo da Varignana da abokan aikinsa su tsaga gawar wani mai suna Azzolino da ake zaton an ba shi guba, suka tsaga, suka ce ba guba ba ce. Dokar Sarki Sharl na Biyar ta 1532 ta wajabta wa kotunan Jamus jin ta bakin likitoci da ungozomomi a shari'un kisa, Paolo Zacchia, likitan Fafaroma, ya tsara fannin cikin mujalladai tsakanin 1621 da 1651. A 1681 wani likitan Jamus, Johann Schreyer, ya jefa huhun jariri cikin ruwa ya ga ya nutse, ya ce bai taɓa shaƙar iska ba, da haka ya ceci yarinyar da ake tuhuma da kashe shi. Tambayar da ya amsa ita ce wadda fiƙihu ya amsa da shaidar mata biyu a kan ko jariri ya yi kukan haihuwa, domin a kanta gado da salla da diyya suke ratayuwa.

Guba ita ce ta fi wahalar da likitocin Turai, musamman arsanik, wadda ba ta da ɗanɗano, alamunta kuma suna kama da na amai da gudawa, har Faransawa suka yi mata laƙabi da garin gado. A farkon shekarun 1830 aka gurfanar da wani John Bodle a Ingila bisa zargin sa wa kakansa ita a kofi. Masanin sinadarai James Marsh ya gano ta, amma kafin ranar shari'a abin da ya tace ya lalace, masu taya alƙali hukunci ba su gamsu ba, aka sallami mutumin, daga baya ya amsa da bakinsa. Baƙin cikin wannan ya sa Marsh ya ƙirƙiro, a 1836, hanyar da ke mayar da gubar wani baƙin tabo mai ƙyalli a kan tangaran, wanda za a iya ajiyewa a nuna wa kotu. Da ita Mathieu Orfila ya tabbatar da guba a gawar mijin Marie Lafarge a 1840, bayan masanan da suka fara dubawa sun yi ta saɓa wa juna.

Inda wannan ilmi ya fara haɗuwa da shari'ar Musulunci gaba da gaba shi ne Masar, a zamanin Muhammadu Ali Basha. A 1827 ya sa wani likita Bafaranshe, Clot Bey, ya buɗe makarantar likitanci a Abu Za'abal, wadda aka mayar Ƙasrul Aini cikin Alƙahira a 1837. Ɗaliban farko daga Azhar aka ɗebo su, tsaga gawa kuwa ta yi musu nauyi ƙwarai, har Clot ya ba da labarin cewa ɗaya daga cikinsu ya kai masa suka da wuƙa. Amma Shehu Hasanul Aɗɗar, wanda ya zama Shehun Azhar, yana cikin malaman da suka yabi ilmin tashrihi suka ƙarfafa koyonsa. A 1832 aka buɗe makarantar mata, da ba a sami iyayen da za su ba da 'ya'yansu ba sai aka sayo kuyangi goma, Habashawa da Sudanawa, aka fara da su. Waɗannan mata da waɗanda suka biyo bayansu, da ake kira hakimai, su ne aka rarraba a ofisoshin lafiya na unguwannin Alƙahira, kuma a lokacin ba a binne mace sai ɗayarsu ta duba ta, kamar yadda ba a binne namiji sai likita ya ba da takarda.

Masanin tarihi Khalid Fahmi, wanda ya shafe shekaru yana karanta kundayen 'yan sanda da na majalisun shari'a na wancan ƙarni, ya nuna abu biyu da suka cancanci tunani. Na farko, shari'ar kisa takan bi ƙafa biyu: alƙalin shari'a ya duba haƙƙin magada na ƙisasi ko diyya bisa shaidu da iƙirari, sa'an nan majalisun siyasa, waɗanda Majalisul Ahkam ke samansu, su duba rahoton likita da sauran ƙarinoni su yanke ta'aziri, ko da bayyinar ƙisasi ba ta cika ba. Na biyu, talakawa da kansu, manoma da 'yan ƙwadago da iyaye mata, sukan je su roƙi a tsaga gawar ɗansu, wani lokaci ma a tono ta, sa'ad da suka tabbata cewa wanda ya buge shi mai ƙarfi ne, shaidu kuma ba za su iya buɗe baki a kansa ba. Waɗannan mutane sun san hadisin gaggauta jana'iza, sun san alfarmar mamaci, amma sun fahimci cewa barin jininsa ya tafi a banza shi ma keta alfarma ne. Lalle ina ganin sun fi mu fahimtar maƙasudin shari'a a wannan babi.

Sai dai likita mutum ne, yana kuskure, yana kuma jin tsoro. A 1859 Alfred Swaine Taylor, wanda ya fi kowa suna a fannin a Ingila, ya ba da shaida cewa ya sami arsanik a shari'ar wani likita mai suna Smethurst, daga baya ta bayyana cewa gubar daga jan ƙarfen da ya yi gwajin da shi ta fito. An yanke wa mutumin hukuncin kisa, sai da aka yi ta ƙorafi aka yafe masa. Wanda ya fi wannan muni shi ne abin da ya faru da Steve Biko, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata, a Afirka ta Kudu. An raunata shi a ka a hannun 'yan sanda a Port Elizabeth, likitan gwamnati ya sa hannu cewa bai ga wata cuta a jikinsa ba, aka ɗauke shi tsirara a bayan mota tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa Pretoria, ya rasu ranar 12 ga Satumba, 1977, ministan 'yan sanda kuma ya nuna wa duniya cewa yajin cin abinci ne ya kashe shi. Binciken gawa, wanda likitan iyalinsa Jonathan Gluckman ya halarta, shi ya bayyana raunin ƙwaƙwalwa ya rushe wannan ƙarya. Duk da haka majistare ya ce ba wanda za a ɗora wa laifi, kuma sai a 1985 aka hukunta likitocin da suka duba shi yana da rai.

Malaman wannan zamani sun warware mas'alar halacci. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya, a 1976, ta halatta tsaga gawa don tabbatar da tuhumar kisa da kuma gano cututtukan annoba, bisa ƙa'idar rinjayar da babbar maslaha a kan ƙaramar ɓarna, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta bi bayanta a 1987, da sharaɗin a tsaya iyakar larura, mata su duba mata in akwai su, a kuma binne dukkan gaɓoɓi. A Nijeriya dokar korona tana cikin abin da aka gada daga Ingila, jihar Legas ta sabunta tata a 2007, amma masu ƙwarewar binciken gawa ƙalilan ne ƙwarai, domin sai mutum ya gama likitanci, ya ƙara shekaru yana koyon ilmin cututtuka da duban tsoka a madubin likita, sa'an nan ya keɓanta da fannin shari'a, inda zai koyi raunin harsashi da na wuƙa, da guba, da tsayuwa gaban lauyoyi. Yana kuma buƙatar ya san ƙasarsa: littattafan Turai suna cewa gawa takan fara sandarewa cikin sa'o'i 2 zuwa 4, ta cika wajen sa'a 12, ta saki bayan kamar sa'a 36, amma a zafin bazara na Sakkwato ko Damagaram duk wannan yakan gudana da sauri, wanda ya ɗauki lissafin ƙasar sanyi ya ɗora a nan zai ɓata lokacin mutuwa, ya wanke mai laifi ko ya kama wanda ba ya wurin.

A ƙasar Hausa mun saba, in mutum ya faɗi bagatatan, mu ce kwana ya ƙare, a yi masa wanka da sutura kafin la'asar. Imani da ajali gaskiya ne, amma bai taɓa soke ƙisasi ko diyya ba, kuma akwai amaren da suka mutu cikin makon aurensu, da almajiran da aka ce zazzaɓi ne, da tsararrun da aka miƙo wa iyayensu a naɗe, waɗanda ba wanda ya buɗe mayafinsu ya duba. Binciken gawa na yau da kullum sa'o'i biyu ne zuwa uku a hannun gwani, ana ɗinke jiki a mayar wa dangi su yi wanka da salla yadda sunna ta tanada. Abin da ke jawo kwanaki shi ne rashin likita a kusa da jiran sa hannun hukuma. A wasu biranen Ingila, saboda buƙatar Musulmi da Yahudawa, an karɓi ɗaukar hoton cikin gawa da na'ura a madadin tsagawa in hoton ya wadatar, irin wannan na'ura kuwa akwai ta yanzu a manyan asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Maiduguri.